Siniyata Ta Dawo a Rufe

Sun dawo mini da siniyata ba a taɓa ba. Kisrar tana naɗe yadda na naɗe ta, miyar kuɓewa ta huce har ta yi fata a sama, faifan da na rufe kwanon da shi ko karkacewa bai yi ba. A unguwarmu ba a yin haka. In aka yi rasuwa, kowane gida na kusa yana kai siniya, wato tiren abinci, gidan makoki har kwana uku, kuma ko abinci ya yi yawa, ko gishirinki ya zarce, sai an ɗebi wani abu, a wanke kwanukan, sannan a maido. In aka maido miki a rufe, to an gaya miki ke ba ta cikinmu ba ce. Ni aka yi wa wannan, ina da shekara arba'in da bakwai, a layin da na yi shekara talatin ina zaune. Wadda ta yi mini kuma aminiyata ce, wadda muka yi goyon fari tare.

Laifina, na tafi iyo.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san ni ba zai ɗauka wasan ruwa nake zuwa kamar yarinya.

Kisra, siririyar wainar ƙullun dawa da ake ci a nan Sudan, nake toyawa ina sayarwa a kasuwar Gadarif. A Fau aka haife ni. Mahaifina leburan gonakin ban-ruwa ne, mu kuma yaran wurin ba mu da filin wasa sai babbar magudanar ruwa. Can na iya iyo. Ba wanda ya koya mini, yayata ce ta hankaɗa ni, na sha ruwa, na fito. Makaranta ban taka ba. Aure ya kawo ni Gadarif. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin manya da ake yi da la'asar a firamaren unguwa, na zauna a bencin yara gwiwoyina suna dukan tebur, na koyi rubuta sunana. A lokacin ma an yi mini dariya, wai me uwar amarya za ta yi da fensir. Na saba da dariyar mutane tun daga nan.

Gudu kuwa likita ce ta jawo mini. Ta ce suga ya fara hawa, in rage shayi mai zaƙi, in riƙa tafiya. Na ce mata ni da nake kai kaya kasuwa a ka kullum, wace tafiya ce ban yi ba? Ta ce ba irin wannan ba, wadda zuciya za ta buga. Akwai filin ƙwallo a ƙarshen layinmu. Na fara zagaya shi bayan sallar asuba, kafin samari su tashi, ina naɗe da tob ɗina, lafayar da matan nan muke yafawa. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Tob ya harɗe ni na faɗi sau biyu, sai na ɗinka wando mai faɗi da riga har gwiwa.

Da yaƙi ya koro mutanen Khartoum da Madani, aka cika makarantarmu da su, ajinmu ya tsaya. Kisrar da ta rage mini a kasuwa can nake kai ta. A cikinsu akwai wata mace, ba ta kai sa'ar ƙanwata ba, malamar wasanni ce a wata makarantar 'yan mata kafin ta gudo. Ustaza muke ce mata. Ba ta jin Hausa, da Larabci muke yi, tana ce mini Halti, wato gwaggo. Wata safiya na gan ta tsaye a bakin fili, hannu a ƙugu, tana kallona.

"Halti, wa ya koya miki gudu?"

"Likita."

"Ta cuce ki. Kamar mai taka garwashi kike sauke ƙafa. Kin iya keke?"

"Tun ba a haife ki ba."

"Iyo fa?"

Na ce mata 'yar Fau ce ni. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya. Ta ce ta bar gidanta da komai nata a Khartoum, ta zo ta tsinci abin da ta yi shekaru tana nema a bayan firamare.

Ita ta gaya mini akwai wasan da ake haɗa abu uku a jere. A yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, ba hutu a tsakani. Ta ce mata suna yi a duniya, har da waɗanda suka girme ni. Tana so ta haɗa mu, mu 'yan kaɗan, mu yi namu bayan damina. Ba kofi, ba 'yan kallo. Ta yagi takarda daga littafina na aji ta rubuta mini jadawali: ranar gudu, ranar keke, ranar iyo, ranar hutu. A tsaye na karanta shi, da kaina, ban miƙa wa kowa ya karanta mini ba. Har yau ban san wanne ya fi mini daɗi ba, wasan ko karanta takardar.

Wanda ya ƙirƙiro wasan nan bai taɓa zuwa Gadarif ba. Ruwan iyonmu hafir ne, tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, na wata gonar riɗi da na yi shekaru ina yi wa aiki. Mai gonar ya yarda, don ba na shan mutane ba ne, na dabbobi ne da tarakta. To lokacin da hafir yake cike, ƙasarmu baƙar laka ce. Ta kama tayar keke ta cushe har ta ƙi juyawa, ki sauka ki nemi tsinke kina ƙwaƙulewa, ko ki saɓa keken a kafaɗa shi ya hau ki. In ƙasa ta bushe ta tsattsage, keke ya samu hanya, ruwan kuma ya fara ja da baya. A tsakani akwai 'yan makonni da ukun suke yiwuwa tare. Su ne kuma makonnin yankan riɗi, lokacin da gari yake cika da leburori, kowa yana neman kisra, ni ina toya ninki biyu.

Ina tashi kafin kiran sallar farko in hura wuta a ƙarƙashin saj, farantin ƙarfen da muke toya kisra a kai. Ƙullu ya kwana ya yi tsami. In toya, in naɗe, in rufe, in yi sallah, sannan in ɗaura takalmi. Ranar gudu ba ta ci mini lokaci sosai, in dawo in watsa ruwa in ɗauki kaya sai kasuwa. Ranar iyo ce mai cin rana. Tafiya a keke har hafir, iyon kansa, dawowa, sai hantsi ya ɗaga. A ranakun nan maƙwabciyata a kasuwa take tsare mini wuri. Abincin maigida ban taɓa fasawa ba, wanki ban tara ba. Suna, biki, dubiya a asibiti, duk ina zuwa. Sai dai ba na daɗewa. In gaisa, in ajiye abin da na kawo, in tashi, don ƙafata tana zogi kuma asuba tana jirana. Ban gane a nan matsalar take ba sai daga baya. Ni ina duba aikin da na yi musu, su suna duba tabarmar da ban zauna a kai ba.

Keken na maigidana ne. Tela ne, ciwon gwiwa ya hana shi hawa. Ranar da na fito da shi daga bayan ɗaki ina gogewa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Birkin baya ba ya ci." Iyakar abin da ya ce ke nan. Washegari na tarar an gyara.

Sauran mutanen layi kam sun yi magana har suka gaji, suka huta, suka sake. Wata ta ce iska ce ta shige ni a tafki. Wata ta ce miji nake nema, ga nawa a raye yana taka keken ɗinki. Mutum ɗaya ce ta tsaya mini, mahaifiyar aminiyata, wadda kowa yake kira Inna.

Inna ce ta karɓe ni ranar da aka kawo ni amarya, uwata tana can Fau. Ita ta koya mini shimfiɗa ƙullu da ɗan ganyen kaba har kisra ta fito siririya ana ganin hannu ta cikinta. Ita ta yi mini wankan jego, haihuwa biyar. Gidansu ne na ƙarshe a layi, ƙofarsu tana kallon fili. Tsufa ya hana ta barcin safe, sai ta fito da 'yar kujerarta bayan asuba ta zauna a ƙofa. Da ta ga ina rikicewa wajen ƙirga zagaye, ta samo gwangwanin madara biyu da ƙwallayen dabino. Duk wucewar da na yi sai ta ɗauki ƙwallo ɗaya daga wannan ta jefa a wancan. Ina jin ƙararsa a bayana.

"'Yar Fau, saura huɗu."

"Uku, Inna."

"Huɗu. Wancan na baya tafiya kika yi, ban ƙirga ba. Ni ba a cuta ta."

Wata rana ta ce mini jakin mai ruwa ma ana kwance masa amalanke ranar Juma'a. Na ce ai Ustaza ta ba ni Juma'a. Ta ce, "To Ustazar nan ta san darajar jaki."

In mata suka fara zancena a gabanta, ba ta musu da su. Sai ta tambayi mai maganar yaya ƙafarta, yaya hawan jininta, har maganar ta mutu. Kuma a gaban matan nan, ba sau ɗaya ba, ta ce in ta mutu 'yarta ce za ta yi mata wanka, ni in zuba ruwa. Wai hannuna ba ya rawa. Babu wanda bai san wannan ba a layinmu.

Ranar Talata ce, ranar iyo. Saura kwana goma sha ɗaya mu yi namu wasan. Na makara, don itace ya sha raɓa wuta ta ƙi kamawa. Na fito da keke ina sauri, Ustaza da sauran mata biyu suna jirana a bakin titi. Na zo ƙofar Inna. Kujerar tana nan, gwangwanayen suna nan, ita ba ta nan. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Har ƙafata ta sauka daga feda ta taɓa ƙasa. Sai na ce a raina, yau ba ƙirge, ta sani, ta koma ta ɗan kwanta, in na dawo na leƙa ta. Na taka na wuce.

Waya ba na zuwa da ita hafir tun da ruwa ya kashe mini ɗaya.

Iyon ranar ya yi daɗi, wannan ma ba zan ɓoye ba. Ruwan kalar shayi da madara, ɗumi a sama, sanyi a ƙasa. Shanu suna sha a can gefe. Riɗin da aka yanka an jingina shi dami-dami a tsaye yana bushewa. A ranar ne na fara ƙetarewa in dawo sau huɗu ban sa ƙafa a ƙasa ba. Ustaza tana bakin ruwa da agogo a hannu, tana ce mini in daina ɗaga kai kamar saniya mai tsallaka kogi. Shekara talatin ina tsugune gaban saj, wuta a fuskata, hayaƙi a idona. Bayana ba ya miƙewa a ko'ina sai a cikin ruwan nan. A ciki ba mai kirana, ba mai cewa miƙo mini kaza.

Da na shigo layi rana ta ɗaga. Na hangi an kafa rumfar maza a bakin fili, an shimfiɗa tabarmi. Maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk ƙasa. Ni kuma ina kan keke, tob a kan jiƙaƙƙun kaya, ɗankwalina yana ɗiga. Layin ɗaya ne, ba wata hanya. Haka na ratsa su.

Ashe Inna ta fito kamar kullum, ta ji jiri, ta koma ciki. Ta cika jim kaɗan bayan wucewata. An aika gidana sau biyu. Maigida ya ce na tafi wajen gona, matar da aka aiko ta ce masa, "Gona ko wanka?" An jira ni har rana ta fara zafi. Gawa ba ta jira. Wata ce ta zuba ruwan.

Na canja kaya na tafi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar uwata. Na miƙa wa aminiyata hannu, ta ba ni kan yatsunta, ba ta dube ni ba. Na zauna har azahar. Duk inda na matsa sai hirar wurin ta tsaya. Sai na yi abin da na iya, abin da kullum nake yi in abu ya fi ƙarfina: na tashi na tafi aiki. Na koma gida na hura wuta, na toya sabuwar kisra irin wadda Inna ta koya mini, na kaɗa miya, na kai da kaina bayan la'asar. Na ajiye a cikin sauran siniyoyi. Ban iya sake zama cikin shirun nan ba, na dawo gida.

Kafin magariba ƙanwar mijin aminiyata ta yi sallama, ta dire siniyar a bakin ƙofata. Ta ce, "An ce an gode." Ta juya.

Na ɗaga faifan na gani. Na mayar na rufe. Na yafa tob na bi bayanta.

A ɗakin Inna na samu aminiyata, zaune a tabarma ta jingina da gadon tsohuwar, mata huɗu ko biyar kewaye da ita. Ta girme ni da shekara biyu, Yaya nake ce mata. Ban nemi kowa ya ba mu wuri ba. A gabansu aka maido, a gabansu zan tambaya.

"Yaya, me siniyata ta yi?"

"Abinci ya yi yawa."

"Na gidan liman ma ya yi yawa, an ci."

Ta murza bakin tob ɗinta. Can ta ce, "Ba abinci na rasa ba. Ina yi mata wanka, in ɗaga kai in ce karkato butar, sai in ga wata fuskar. Sau uku ina ɗaga kai."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Na ga kujerarta ba kowa, na wuce. Na ce sai na dawo. Wannan nawa ne, da shi za a binne ni."

Da a nan maganar ta tsaya, da mun rungume juna mun yi kuka an wuce wurin. Sai ƙanwar mijin nata ta sa baki daga bakin ƙofa.

"Ai dama ƙarshen abin ke nan. Mace da jikoki, kullum a kan keke, kullum a tafki. Ga abin da ya jawo."

Na jira aminiyata ta ce mata ta yi shiru. Ba ta ce ba. Ta ce, "Da Inna tana rufe miki bakin mutane. Yanzu ba ta nan. Ki ajiye keken nan ki dawo cikin mutane, a manta."

Na miƙe daga durƙuson.

"Yaya, bara da kaka kwana ashirin na yi a gona ina dafa wa masu yankan riɗi. Da a lokacin ta rasu, za ki maido mini da siniya?"

"Wannan ai nema ne."

"Da ina kwance a asibiti, suga ya ci ƙafata an yanke, za ki maido?"

"Wannan lalura ce."

"To. In na tafi don ciki, ba laifi. In na kwanta don ciwo, ba laifi. Sai in na tafi don kaina."

"Kin yi karatu, kin iya magana."

"Na iya tun kafin karatun. Tambayi Inna."

Maganar ta fita kafin in riƙe ta. Gadon yana nan bayanta an naɗe katifa. Ta sa fuska cikin tob. Aka kira magariba, na fita.

A gida maigida ya riga ya ji. Yana zaune yana warware wani ɗinki, ya ce, "Ki ɗaure keken nan sati biyu. Mutane suna mantuwa."

"Wasan saura kwana goma sha ɗaya."

"Na sani. Aminiya kuma saura nawa gare ki?"

Na ɗauki siniyar na kai makaranta wajen 'yan gudun hijira, don abinci bai yi wa kowa laifi ba. Ustaza ta karɓa, ta yi mini ta'aziyya. Ta ce, "Halti, jadawali takarda ce. Kwana uku ba za su ɓata komai ba. Ki huta." Ta faɗi gaskiyarta, amma ba ta san layinmu ba. Ba kwana uku suke nema ba. In na ɓoye keken na shiga da kai a sunkuye, za su ce ta tuba. Ranar da na sake fito da shi kuma ya zama laifi na biyu, wanda ya fi na farko, don yanzu an ce na yaudare su. Daga nan sai in zauna a gida ina shan shayi ba suga, ina jiran ranar da suga zai ci ƙafata.

A hanyar dawowa na ga ɗaya gefen ma, ko da ban so ganinsa ba. Suna da gaskiya guda. Shekara biyu ina aika wa mutane abinci kamar mai sallamar baƙo. A gidan makoki ba cikinsu suke so a cika musu ba. So suke in mai rashi ta ɗaga kai ta ga fuskar da ta sani. Inna ta yi mini wannan kowace asuba, a kan 'yar kujera, ba ta taɓa aiko wata ta ƙirga mini ba. Zaman nan haƙƙinsu ne, zan ba su shi cikakke. Keken ba nasu ba ne.

Kafin isha na dama ƙullu bokiti guda na rufe. Na aika wa maƙwabciyata ta kasuwa cewa kwana biyu ba za ta gan ni ba.

Laraba ranar gudu ce. Na yi sallah na ɗaura takalmi. A rumfar maza wasu dattawa suna zaune da carbi, suka bi ni da ido, na gaishe su na yi musu ta'aziyya na shiga fili. An shigar da kujerar Inna, amma gwangwanayen ba wanda ya kula da su, suna nan jikin bango. Duk zagayen da na yi sai in tsaya in ɗauki ƙwallo ɗaya in jefa. A na takwas kuka ya toshe mini numfashi, na yi shi a tafiya. Ban jefa masa ba.

Na koma gida na watsa ruwa, na sa tob mara ado a kan kayana. Na ɗaure saj a bayan keke, na rataye bokitin ƙullu a hannu ɗaya, itace a ɗayan. Gida shida ne tsakaninmu. Da na so, sawu biyu zan yi da su a ka. Na tura keken ta tsakiyar layi, ta gaban rumfar, na jingine shi a daidai inda kujerar Inna take zama, inda duk mai shiga sai ya gan shi.

Aminiyata tana tsakar gida da buta a hannu. Ta dubi saj, ta dubi ƙafata. Ban canja takalmin ba.

"Kin yi gudu."

"Goma sha biyu. Ɗaya na yi tafiya, ban ƙirga ba."

Ta kawar da fuska. Ban san ko kuka ne ko fushi ba.

"Kasuwa fa?"

"Ba na zuwa. Yau da gobe nan zan yini, in kin ɗaga kai za ki gan ni. Asabar ranar iyo ce, zan tafi. Wayata za ta kasance a hannun Ustaza a bakin ruwa. Na gaya miki tun yanzu don ki san inda za a same ni."

Ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in fita ba. Ƙanwar mijinta ta leƙo daga ɗaki ta koma. Na wuce murhun Inna da ke bayan gida, inda ta fara riƙe hannuna ta nuna mini yadda ake jan ƙullu. Abin da aka toya a cikin gidan ba su da inda za su maido shi. Na gyara duwatsun, na ɗora saj, na jera itace. Da ashanata na zo. Na ƙyasta, na jira ƙarfen ya yi zafi, na shafa mai, na zuba ludayin farko.